Bakin Mutum Ɗaya

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Anti da yara. Mama tana gaishe ka, ta ce in gaya maka gwiwar da sauƙi, amma ni da nake ganin yadda take hawa matakala na san sauƙin na baki ne. Ta kuma ce wai ɗan baffanta ya zama babban mutum, shekara uku ba a ga ƙeyarsa ba. Saƙo aka ba ni, na isar, kada ka ga laifina.

Na san ba ka son a yi maka maganar nauyi a waya, kullum cewa kake waya tana sa mutum ya amsa kafin ya yi tunani. Shi ya sa na zauna na rubuto.

Shekara biyu ke nan tun da na gama karatun kwamfuta nake ɗakin fayil na asibitin nan. Ɗaki ne mai taga ɗaya, kantoci har rufi, da fanka mai juyawa kamar an tilasta mata. Mu huɗu ne, shugabarmu wata dattijuwa ce da kowa ke kira Uwar Fayil, wadda in ka ba ta lambar kati za ta gaya maka kantar da yake ba tare da ta ɗago kai ba. Aikina in karɓi kati ta taga, in hau tsani, in sauko da fayil, in miƙa. Idan layi ya ragu sai in ɗauki biro ina zana hanyar da fayil ɗaya ke bi daga tagarmu zuwa likita, zuwa ɗakin gwaji, zuwa wurin magani, har ya dawo. Hannu tara yake ratsawa, Kawu. A hannu na shida yake ɓata, don a nan ake ajiye shi kan benci a tafi neman sa hannu. Ba wanda ya sa ni, hali ne kawai, kai ka san wadda ka raɗa wa suna.

To ga maganar. Wani kamfani da ke haɗa wa asibitoci manhaja ya nemi sabon mai nazarin tsarin bayanai, wato analis, irin aikinka. Na nema a ɓoye, aka kira ni, na je. Mu goma sha ɗaya muka zauna, mutum ɗaya suke so, kuma ni suka ce. Wanda ya yi mana tambayoyi, wani mai furfura a gemu, da ya ga zanen nan nawa sai ya cire tabarau ya ce wa ya koya mini. Na ce kawuna, tun ina 'yar shekara goma, ranar da ya gaya mini dokar aikinsu: ba a yarda da bakin mutum ɗaya, sai ka tambayi mutum uku, sannan ka ja kujera ka zauna gefen mai aikin ka gani da idonka.

Sai dai wata shida ne na gwaji, a wani gari, kuma dole in ajiye aikin asibiti wanda yake tabbatacce. Ga Mama da gwiwa. Ga kuma abin da nake ji ko'ina, wai ƙirƙirarriyar basira za ta cinye irin wannan aiki nan da 'yan shekaru. Sun ba ni zuwa ƙarshen wata in ba da amsa.

Kawu, shekara goma sha takwas kake cikin abin nan. Ka gaya mini tsakani da Allah: akwai gaba a aikin, ko zan shiga ne daidai lokacin da ake kwashe kujeru? Abin da ka ce shi zan yi. Raina yana so, ba zan ɓoye maka ba, amma ina jin tsoro.

Ɗiyarka,
'Yar Tambaya

* * *

'Yar Tambaya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, muna lafiya. Ki gaida Yaya, ki ce ta rage hawan matakalar nan, ƙeyata kuma tana nan inda ta san ta.

Kin ce in faɗi gaskiya, to ga ta. Aikin da kika gan ni ina yi kina yarinya ba shi ne yanzu ba. A da sai mu yi wata guda muna yawo tsakanin ofisoshi da ɗakin ajiyar kaya, muna tambaya, muna zane, mu rubuta abin da manhaja za ta yi tun kafin masu haɗa ta su taɓa kwamfuta. Yanzu manaja yana zaune zai buga wa na'ura abin da yake so, kafin shayinsa ya huce ta fito masa da shafi arba'in, har da zane. A sashenmu mu bakwai ne bara. Ba sai na gaya miki nawa suka rage ba. Kuma in aka tashi rage mutane, 'yan gwaji ake fara sallama, ba a ma tsayawa koyon sunansu.

Ki riƙe aikin asibiti. Marasa lafiya ba sa ƙarewa, fayil ba ya ƙarewa, kuma kina kusa da mahaifiyarki. Wannan hanya ba taki ba ce. Da 'yar cikina ce ta tambaye ni, abin da zan ce mata ke nan.

Ki yi haƙuri da gajartar takardar, kaina ya ɗau zafi kwanakin nan.

Kawunki

* * *

Kawu,

Gaisuwa da fatan ciwon kan ya sauka. Mu lafiya lau, Mama ta samu wata roba da take ɗaure gwiwar, yanzu har gardama take wai ta fi ni sauri.

Na yi dariya da na ga takardarka a yage daga littafin makarantar yara, kai da kullum kake rubuto mana a farar takardar ofis mai tambari. Dariyar ba ta kai ƙarshen shafi ba. Na karanta sau uku, na kira lambarka don in ji daga bakinka, aka ce ba ta aiki. Na sake kira washegari, haka. Sai na ce ai ka riga ka faɗa, me ya rage.

Ranar Laraba na rubuta musu na gode, ba zan samu zuwa ba. Mai furfurar nan ya kira ni da kansa. Ya ce, "Malama, wani abu muka yi miki? In maganar masauki ce a duba." Na ce a'a, dalili ne na gida. Sai ya ce, "To, Allah ya sa haka ya fi alheri. Amma ba kullum muke buɗe ƙofar nan ba." Na ce amin, na kashe wayar, na shiga bayan layin kantoci na biyar inda ba mai gani na na yi kukana. Uwar Fayil ta ƙwala mini kira, "Ke, fayil kike nema ko haƙar rijiya?" Na goge fuska na fito.

Wadda ta zo ta biyu aka ba wa, 'yar ajinmu ce, muna ce mata Shiru-shiru. Yarinyar kirki ce, na taya ta murna har zuciya, ko kuma dai rabin zuciya.

Na bi maganarka, Kawu. Ka sa mini albarka.

Ɗiyarka

* * *

Kawu,

Assalamu alaikum. Wata biyar ke nan ban ji daga gare ka ba. Mama ta fara cewa ko ba ka da lafiya ne ana ɓoye mata, har ta kira Anti, ita kuma ta ce lafiyarka ƙalau, kana fita kana dawowa, ta yi sauri ta sauya magana. In lafiya ce, alhamdulillahi. Mu ma muna nan.

Zan ba ka labarin da ban san ko dariya zan yi masa ko kuka ba. Asibitinmu ya yanke shawarar mayar da fayil cikin kwamfuta. Ka san kamfanin da aka ba wa aikin? Shi dai. Ka san wadda aka turo ta yi nazari? Wata ranar Litinin na ɗago kai daga taga sai ga Shiru-shiru tsaye a ƙofa, da katin aiki a wuya da kwamfuta a hammata. Wai sun tabbatar da ita tun wata na huɗu, kuma sun ɗauki wasu biyu bayanta, aiki ya yi musu yawa.

Ta ja kujera ta zauna gefena, Kawu. Gefena! Sati biyu tana kallon yadda nake hawa tsani. Uwar Fayil ta ƙi ba ta fuska, duk abin da ta tambaya sai ta ce, "Yana rubuce a littafin ƙa'ida, je ki karanta." Kai ka san abin da ke littafin ƙa'ida daban, abin da ake yi daban. A rana ta huɗu baiwar Allah ta biyo ni bayan kantoci, ido ya ciko, ta ce, "Don Allah ki taimake ni, an ce fayil na ɓata amma kowa ya ce ba a wurinsa ba. Ranar Juma'a zan kai rahoto, ba ni da abin rubutawa."

Na tsaya ina kallon ta. Zuciyata ta ce bar ta ta nemo da kanta, ai ita ce analis. Sai kuma na ji kunyar kaina. Na buɗe jaka na ciro zanen nan, duk ya tsufa wurin naɗi, na kama hannunta na kai ta har bencin hannu na shida. Fayil bakwai muka tarar a kai, ɗaya wani ya ɗora kofin ruwa.

Abin da ya sa na rubuto shi ne layi ɗaya a takardarka da ya ƙi barina. Ka ce wannan hanya ba tawa ba ce. Da farko na ɗauka aikin kake nufi ya mutu. To ga shi ina gani da idona bai mutu ba, ana ma neman mutane. Sai na fara tunanin ko ni kake nufi, wato ka auna ni ka ga ba zan iya ba, ka rasa yadda za ka faɗa. Shirunka ya ƙara tabbatar mini. In haka ne ka faɗa mini kai tsaye, zan iya ɗauka. Abin da ba na iya ɗauka shi ne hawa tsanin nan kullum ina tambayar kaina.

Ɗiyarka,
'Yar Tambaya

* * *

Ɗiyata,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Lafiyata ƙalau, ki kwantar wa Yaya da hankali. Ba ciwo ya hana ni rubutu ba, kunya ce. Takardarki ta uku ta yi kwana tara a aljihuna. Antinki ce ta ce in ban amsa ba ita za ta amsa, kuma ba za ta rage komai ba.

Ba ke na auna ba. Wallahi ban taɓa shakkar ki ba, yarinyar da tana shekara goma ta tsare ni da tambayar me ya sa ake rubuta sunan mutum sau biyu a katin rigakafi. Abin da ya faru shi ne, kwana uku kafin takardarki ta farko ta iso, an sallame ni daga aiki. An kira mu mu huɗu ɗakin taro, aka gode mana, aka ce tsarin aiki ya sauya. Na miƙa katin shiga, na miƙa kwamfuta, na miƙa waya, ita ce lambar da kika yi ta kira. Shekara goma sha takwas suka shige cikin kwali ɗaya, har da sauran wuri. Ina zaune a falo da rana tsaka, lokacin da ban taɓa sanin yadda gidana yake ba, aka miƙo mini ambulan ɗinki. Na yagi takarda daga littafin ƙanwarki na amsa nan take. Ni mai cewa waya tana sa mutum ya amsa kafin ya yi tunani.

Kin tambaye ni halin da sana'a take ciki, ni kuma na ba ki halin da nake ciki, ban gaya miki bambancin ba. Da ƙaramin analis ne ya kawo mini rahoto irin wannan, na bakin mutum ɗaya, a makon da aka kore shi, da na mayar masa da abinsa ya sake.

Ga abin da ya kamata in rubuta miki, ko da yake ya zo a makare. Gaskiya ne na'ura ta ƙwace rubutun rahoto da zane, wanda duk aikinsa ke nan yana cikin wahala, kuma wasu abokaina har yau suna gida. Amma na'ura abin da aka gaya mata take sani. A tsohon wurin aikina manaja ya gaya mata yadda kaya ke fita daga ɗakin ajiya kamar yadda yake a takarda. Ba wanda ya je ya tambayi masu lodi, waɗanda suka san cewa direba ba ya jiran takardar izini, da baki ake sallamar mota, takarda ta biyo baya da yamma. Manhaja ta hana mota fita sai da izini. Motoci suka yi layi har titi. Wata na uku da sallamata suka kira ni in zo in duba musu. Ban koma ba, don lokacin wasu wurare biyu sun riga sun neme ni, na zaɓi ɗaya. Abin da kowa ke nema yanzu shi ne mai jan kujera ya zauna, mai gano benci. Wato ke.

Da na samu aikin sai na kasa rubuto miki, don in na ce miki na samu, sai na ce miki na rasa, sai kuma na faɗi abin da na jawo miki. Na ce bari in gyara tukuna, in zo miki da albishir. Na kai maganarki wurin shugabana, na nemi lambar mai furfurar nan na kira shi. Ya tuna ki sarai. Ya ce sun rufe ɗaukar 'yan koyo, yanzu duk wanda za su ɗauka sai mai shekara biyu a aikin, don ba su da lokacin koyarwa. Namu ma haka suka ce. Ƙofar da ta yi ƙunci ke nan, ƙofar shiga aikin, kuma ita ce aka buɗe miki na ce ki juya.

Ban san abin da zan ce ba sai ki yafe mini. Da na rubuta miki layi ɗaya, "an sallame ni, ki tambayi wani," da ya ishe ki.

Kawunki

* * *

Kawu,

Assalamu alaikum. Na karanta wa Mama rabin takardarka, rabin da ya shafi lafiya da sabon aiki. Ta yi hamdala, ta ce amma har da ita za ka yi wa ɓoyo, ita da ta goya ka? Ka shirya, faɗanka yana nan a ajiye.

Ni kuwa sai da na yi sati uku kafin in iya ɗaukar biro. Na ji haushinka, ba zan yi maka ƙarya ba. Na ji tausayinka kuma, da na hango ka a falo da kwali. Su biyun suka yi ta kokawa a raina, har yanzu ba wanda ya kayar da wani. Amma na yafe, Kawu, duniya da lahira.

Kuma ba kai kaɗai ba ne. Na zauna na bi hanyar maganar nan kamar yadda nake bin fayil, in ga a hannun wa ta ɓata. Na tsaya gaban mai furfura ina alfahari da dokarka, na fito na tambayi mutum ɗaya a kan rayuwata gaba ɗaya. Malamanmu suna nan, waɗanda suka riga mu gamawa suna nan, shi kansa mai furfurar ya kira ni yana neman in yi magana, ban tambaye shi komai ba. Na ga takardar littafin yara, na ji lamba ba ta aiki, 'Yar Tambaya guda ban ce me ya faru ba. Ina jin tsoro ne, ina neman wanda zai ɗauke mini zaɓin, kai kuma ka ɗauka.

An kunna manhajar makon jiya. Yanzu fayil ba ya zuwa benci, likita yana sa hannu a kwamfuta. Da aka nuna mana tsarin a bango na gane zanena, har kibiyar da na saba lanƙwasawa a hannu na shida. Shiru-shiru ta faɗa a taron cewa ni na nuna mata, Allah ya saka mata, amma a rahoton sunan kamfani ne. An fara kwashe kantoci. Uwar Fayil za ta yi ritaya ƙarshen shekara, ta ce gara ta tafi kafin a koya mata danna madannai. Ni an bar ni a taga, ina buga lambar kati. Tsanin ma an fitar da shi.

Ban haƙura ba. Wannan karon na tambayi mutum uku: Shiru-shiru, da wata malamarmu, da mai kula da kwamfutocin asibiti. Maganarsu ba ta zo ɗaya ba, amma duk sun ce in tara abin da zan nuna, tun da shaidar shekara biyu a aikin analis ba ni da ita. Wataƙila ya ɗauke ni shekara uku in kai inda aka miƙo mini a wata ɗaya, wataƙila ma ba zan kai ba. Kada ka ji haushi, ban sa ka cikin ukun ba.

Saura rabin dokar. Ina da hutun sati biyu a wata mai zuwa, ƙanwar Mama za ta zo ta zauna da ita. Ka roƙar mini shugabanka ya bar ni in shigo ofishinku, ba aiki nake nema ba. Kujera kawai za ka ajiye mini a gefenka. Ba sai ka ba ni shawara ba, Kawu, zan gani da idona.

Ɗiyarka,
'Yar Tambaya